Wasan daɓen Gizo mai tashi sama: a ɗauko su, amma a duba igiyar tukuna

Tun da aka gama kaka akwai wata ƙungiyar matasa 'yan wasan daɓe da ke zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura da Gujungu, suna nuna wasa mai waƙe-waƙe da suka gina a kan labarin Spider-Man. Su goma sha huɗu ne, kayansu duka a bayan a-kori-kura ɗaya. Makarantu da ƙungiyoyin samari ne suka fi ɗauko su, a yi a filin firamare bayan Isha'i, kuɗin shiga bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Wasan yana cin awa ɗaya da minti arba'in. Hukuncinmu a taƙaice: labari da waƙa sun biya kuɗinsu, sauti yana bukatar gyara, tashi saman da ake yi wa jarumin da igiya kuwa kada wani hedimasta ko shugaban matasa ya yarda a yi shi a filinsa da kayan da suke amfani da su yanzu.

Stan Lee da Steve Ditko ne suka ƙirƙiro Spider-Man a 1962, a mujallar zane ta kamfanin Marvel a Amurka. Maraya ne mai suna Peter Parker, yana hannun wan mahaifinsa Ben da matarsa May. Gizo-gizo ya cije shi, ya samu ƙarfi da iya hawa bango, ya ƙyale wani ɓarawo ya wuce don yana ganin ba ruwansa, daga baya ɓarawon ya kashe Ben. 'Yan ƙungiyar sun gane cewa wannan ƙashin bayan ba ya bukatar dogayen benaye. Sun mayar da yaron maraya a gidan Baffa, kuma daidai suka yi da ba su ce Kawu ba, tunda dangin uba ne. Cizon ya same shi a cikin rumbu, miyagun kuma ɓarayin hatsi ne da ke fasa rumbuna bayan girbi, abin da kowane manomi a filin ya san zafinsa.

Wuri biyu a wasan sun isa a zo dominsu. Na farko a kasuwa: mai shago na ihu, "Ɓarawo! Ku tare shi!", ɓarawon ya biyo ta gaban yaron, shi kuwa ya matsa gefe yana ɓare rakensa, ya ce, "To ni ɗan sanda ne?" Fili ya fashe da dariya. Minti goma bayan nan ya shigo gida ya tarar da matar Baffa zaune a bakin tabarma, fitila a gabanta. "Inna, ina Baffa?" Ba ta ce komai ba, ta miƙa masa hular mijin. Ba waƙa, ba ganga, sai kukuma ɗaya daga bayan labule. Waɗanda suka yi dariya ɗazu su ne suka fi yin tsit, don sun ji kamar da su aka ƙyale ɓarawon. Wanda ya tsara wannan ya san aikinsa.

Inda suka ɗan rikice shi ne shigo da Gizo na tatsuniya a matsayin mai ba da labari. Yana buɗe wasa da "Ga ta nan, ga ta nanku", da tsamin bakinsa, Ƙoƙi na biye da shi tana yi masa gyara, yara na amsawa tun kafin ya rufe baki. Ga jan hankali babu kamarsa. Amma Gizon da muka sani makirin gaske ne, mai cinye rabon wasu ya bar su da kuka, jarumin wasan kuma yaro ne da ke koyon ɗaukar nauyin jama'a. A rabin farko wannan saɓanin yana yi wa wasan aiki, don Gizo ne ke zuga shi ya nemi kuɗi da baiwarsa. A rabin ƙarshe sai kawai Gizo ya koma mai wa'azi ba tare da an nuna abin da ya sauya shi ba, kuma ya tsaya yana bayani har sau uku a daidai lokacin da ya kamata a ci gaba da faɗa. Da za a bar shi da halinsa har ƙarshe, a yanke bayanin nan biyu, da wasan ya ragu da minti goma ya ƙara ƙarfi.

Abin mamaki, irin wannan tuntuɓen aka yi a babban wasan Spider-Man da aka shirya a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan daɓe a birnin New York. Julie Taymor, wadda ta fara jagorantarsa, ta cusa Arachne, masaƙiyar tatsuniyar Girkawa da aka mayar gizo-gizo, da wasu matasa huɗu masu ba da labari. Masu kallo suka kasa gane inda aka dosa. A watan Maris na 2011 aka sauke ta, aka sake rubuta wasan, aka cire matasan, aka rage rawar Arachne. Namu sun fi su sa'a ta fuska ɗaya: babu yaron da sai an yi masa bayanin waye Gizo.

Waƙoƙin bakwai ne. Uku ana yin su kai tsaye da kalangu da ganga da 'yan amshi huɗu, huɗun kuma na fiyano ne da aka ɗauka a situdiyo, a sa filas a yi mamin. Na kai tsayen sun fi nesa ba kusa ba, kuma dalilin ba son gargajiya ba ne. Makaɗi yana kallon ɗan wasa, in ya yi jinkiri ya jira shi, in jama'a sun ɗauki amshi ya ƙara zagaye ɗaya. Filas ba ta jira. A waƙar faɗan ƙarshe jarumin na haki bayan alkafura, muryarsa kuma na fita tas daga lasifika, har yara na gaba-gaba suna nuna shi da yatsa. Dabarar da suka yi mai kyau ita ce raba jarumin gida biyu: ɗaya mai waƙa, fuskarsa a buɗe, ɗaya mai alkafura, fuskarsa a rufe, tsayinsu ɗaya, suna musaya a bayan labule. Ƙyallen rufe fuska yana danne murya, yana rage gani ta gefe, ga numfashi da ke jiƙa shi, don haka ba a haɗa waƙa da tsalle a jikin mutum ɗaya. A Broadway ma Reeve Carney ne ke waƙar Peter Parker, wasu 'yan wasa da dama suna saka rigar suna yin tsallen.

Yanzu ga maganar igiya, wadda ita ce dalilin wannan rubutu.

Suna kafa ƙarafan sikafol, tsayin mita 4, da ƙarfe ɗaya a gicciye a sama. A jikinsa suna rataya fuli ɗaya, irin wanda ake sa wa bakin rijiya. Igiyar shuɗiyar nan ce ta roba da ake sayarwa a kowace kasuwa, kaurin milimita 12, an ɗaure ta a bel na ƙugu irin na masu hawa falwaya. Samari uku ne ke ja da hannu daga bayan labule, yaron ya tashi kamar mita biyu da rabi, ya yi lilo daga wannan gefe zuwa wancan na kusan daƙiƙa ashirin. Babu igiya ta biyu. A ƙasa katifa ɗaya ce, ita ma ba a ƙarƙashin duk inda yake bi ba.

Mutane kan ce ai igiyar nan tana jan guga cike, tana ɗaure sa, yaro mai kilo 60 me zai yi mata? Lissafin ba haka yake ba. Nauyin da ke rataye shiru daban, wanda ya faɗo aka tare shi daban. In hannun masu ja ya suɓuce yaron ya zame mita ɗaya, igiya ta tsayar da shi cikin santimita goma, abin da igiya da fuli da ƙarfe da ƙugunsa za su ɗauka ya kai ninki goma sha ɗaya na nauyinsa, wato kamar kilo 660. Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa rataya mutum sai da kayan da ƙarfinsu ya ninka nauyin sau goma. Ga shi kuma kowane ƙulli yana rage wa igiya daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ƙarfinta, igiyar roba kuma rana na cinye ta. In ka murza ta ka ga gari-gari a yatsanka, ko launin ya koɗe, ta gama aiki ko da a ido lafiya take. Tasu ta koɗe. Bel na ƙugu shi kaɗai kuma an yi shi ne don mai jingina da falwaya ƙafafunsa na kan ƙarfe, ba don rataya ba. In mutum ya faɗo a cikinsa, ko ya zame sama ya matse haƙarƙari, ko ya juyar da shi kai ƙasa.

Kada a ɗauka matsalar ta talauci ce. Wasan Broadway ɗin ya ci kusan dala miliyan 75, ba a taɓa kashe wa wasan daɓe irin wannan kuɗi a can ba kafinsa, Bono da The Edge na ƙungiyar mawaƙa ta U2 ne suka yi masa waƙoƙi, na'urori ne ke jan 'yan wasa a saman kawunan masu kallo. A daren farko na nunin gwaji, 28 ga Nuwamba 2010, sau biyar aka tsayar da wasan. Ranar 20 ga Disamba, Christopher Tierney, ɗaya daga cikin masu tsallen Spider-Man, ya faɗo daga tsayin da ya haura mita 6, ya karya haƙarƙari, ya ji rauni a kai da gadon baya, ba don igiya ta tsinke ba, sai don ba a maƙala ta yadda ya kamata ba. Natalie Mendoza, mai fitowa a matsayin Arachne, ta samu bugu a kai ta bar wasan. Sai da aka yi nunin gwaji 182 kafin a buɗe a hukumance ranar 14 ga Yuni 2011, aka rufe ranar 4 ga Janairu 2014 ba a mayar da jari ba. Gyaran da aka yi bayan faɗuwar Tierney shi ne abin koyi, kuma ba ya cin ko sisi: mutum ɗaya ya maƙala, na biyu ya duba da idonsa, sannan a sanar da mai kula da dandali da baki kafin ɗan wasa ya motsa.

Wanda ya nace sai an yi tashin, ga mafi ƙarancin abin da zai nema ya gani da rana tsaka. Bel mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, irin na masu hawa ƙarfen sabis, zoben ratayarsa a tsakiyar baya. Igiyar aikin hawa mai kaurin milimita 11, wadda ƙarfinta ke kusan tan uku, guda biyu, kowacce a maɗaurinta daban, ta biyun a hannun mutumin da ba shi da wani aiki sai ita, kuma ta zagaya jikin ƙarfe don kada nauyi ya faɗa a tafin hannunsa kai tsaye. Ƙugiyoyin ƙarfe masu makulli, waɗanda aka buga wa lamba 22kN ko sama a jiki. Wadda ba ta da lamba ta maƙullan gida ce. Ƙafafun sikafol kada su zauna a kan yashi, a sa musu filanki mai kauri, a ɗaure saman da igiyoyi huɗu zuwa turakun ƙarfe da aka kafa da zurfi, don lilo gefe yake tura ƙarfe, kuma ta gefe yake kifewa. Sai gwaji: a rataya buhun siminti uku, kilo 150 ke nan, a ɗaga, a yi lilo da su, a sauke, sau uku, ana kallon ƙarfen sama ko yana lanƙwasa. A jera katifu a duk tsawon hanyar lilon. In igiya ta maƙale yaro na sama, a sauke shi nan take da tsani, don rataya shiru a cikin bel tana tara jini a ƙafafu, mutum na iya suma cikin mintoci kaɗan. In ɗaya daga cikin waɗannan babu, a ce musu a cire tashin, a biya su kuɗinsu cif.

Kuma wasan ba ya rasa komai in an cire. Abin da ya fi tayar da ihu a filin ba lilon ba ne, hawan bango ne. Allon katako ne mai tsayin mita biyu, an ɗan kwantar da shi baya, an kafa masa ƙananan matakai an shafe su da baƙin fenti, fitila na dukansa ta gefe, sai ka rantse tafin hannu yaron ya manna. Sai inuwa: farin ƙyalle, fitila ɗaya a baya a ƙasa, yana matsowa kusa da ita inuwarsa na girma har ta cika labulen, ɓarayi na rarrafe a gaba. Yanar da yake jefawa kuwa birgi ce ta masunta, ta buɗe a iska ta rufe mutum uku lokaci guda, kuma duk wanda ya taɓa zuwa bakin kogin Haɗeja ya san hannun da ya jefa ta gwani ne. A nan ma a duba abu ɗaya. Bakin birgi dalma ake jera masa don ya nutse, tasu an cire mafi yawa an sa ƙullin tsumma, amma akwai sauran 'yan ƙwayoyi. A cire su duka, ido ba ya da na canji.

Sauti shi ne inda suka fi yi wa kansu asara. Kayan ba laifi: lasifika biyu masu inci 15, amfilifaya ɗaya, mikisa mai layi takwas, makirfo mara waya huɗu, biyu na hannu biyu na maƙalawa a kunne. Ajiyar ce matsala. Suna sa lasifikun a bayan dandali, sai makirfo ya riƙa ɗaukar abin da lasifika ta fitar ya mayar mata, ƙugin nan mai huda kunne ya tashi, mai mikisa ya rage murya, na baya su daina ji. Maganin shi ne a kawo su kusurwoyin gaba, gaban 'yan wasa, a ɗaga su sama da kan mutum a tsaye, kamar mita biyu, ko a kan teburan aji ne. Lasifikar da ke ƙasa cikin 'yan layin gaba take yi wa waƙa. Kada kuma a fuskantar da su ga ginin azuzuwa, amsa-kuwwa za ta dawo ta cakuɗa baitin. Batir ɗin makirfo a sayi mai ƙarfi, alkalin, sabo, guda takwas da huɗu na ajiya. Mai arha yakan fara yankewa kafin a kai rabi, kuma kullum a bakin Inna yake mutuwa, wadda muryarta ta fi ta kowa sanyi.

Janareton nasu 2.5kVA ne, wato abin da zai ɗauka bai wuce wat 2000 ba. Fitilun LED shida masu wat 50 sun ci 300, kayan sauti na iya cin 600 zuwa 700 in ganga ta yi nauyi. Har nan lafiya. Sai a ƙara manyan fitilun halojin biyu masu wat 500 kowacce, ga mai cajin waya ya jona nasa ta gefe, shi ke nan duk dukan ganga sai fitila ta lumshe. A bar halojin ɗin a mota. A kai injin mita 25 zuwa 30, bayan gini, ta inda iska za ta kwashe hayaƙi da ƙara daga jama'a, da waya mai kaurin milimita 2.5, don siririya tana zafi tana kuma rage wuta a irin wannan nisa. Yana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, don haka a cika tanki kafin a fara, ba a ƙara mai inji na aiki. Duk inda waya ta haɗu da waya a naɗe da tef, ba leda ba, a ɗaga ta a kan sanduna ko a binne, tunda rabin masu kallo ba takalmi.

Dandalin filanki ne a kan bulo, tsayin santimita 60, yana ɗan rawa a tsakiya, ƙarin bulo huɗu zai ishe shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, labulen baya kuma in ya cika da iska sai ya ja sandunansa, don haka a jingina bayan dandali da gini, ko a tsaga wa ƙyallen 'yan ƙofofi.

Ta fannin mu'amala ba su da matsala. Suna zuwa a kan lokaci, matan cikinsu biyu ne, da atamfa da mayafi, babu rawar cuɗanya, suna kuma jan igiya tsakanin wurin zaman mata da na maza ba sai an ce musu ba. Haɗa kaya yana cin awa uku, don haka a ce su iso da Azahar, a gwada igiya da sauti kafin Magariba. A sanar da dagaci da 'yan sanda da Hisba tun kwana biyu kafin ranar, a nemi 'yan sintiri huɗu, biyu a ƙofa biyu a bakin dandali, don yara matsowa suke yi har su kai ƙarƙashin ƙarfen. A ba da rabin kuɗi, sauran bayan an tashi, a kuma rubuta maganar igiya a cikin yarjejeniya, ba a bar ta a fatar baki ba.

Sharaɗi na ƙarshe da za a sa musu: su kwance sikafol da allon hawan bangon a daren, su tafi da igiyoyinsu. Suna da al'adar barin su a tsaye sai da safe in dare ya yi, kuma 'yan firamare da suka kwana da wasan a ka sukan riga malamai isowa makaranta.